Yadda Ake Hanzarta Tambayar SQL Mai Jan Ƙafa a Rumbun Bayanai

Manhajar da take buɗewa cikin ƙiftawar ido lokacin da teburinta yake ɗauke da layuka dubu biyu, ita ce dai za ta riƙa sa mutane zaman jira idan layukan suka kai miliyan biyar, alhali ba a taɓa ko harafi ɗaya a cikinta ba. Abin da ya canza shi ne yawan bayanan da injin rumbun yake karantawa kafin ya kawo amsa. Mutane da yawa idan suka ga haka sai su garzaya su sayi sabar da ta fi ƙarfi, ko kuma su bi kowane ginshiƙi su manna masa fihirisa (wato index, jerin da yake taimaka wa injin ya gano layi ba tare da bin teburin duka ba), kuma duka biyun sukan ci kuɗi ba tare da sun taɓa tushen matsalar ba. Aikin da ke gabanka shi ne ka gano inda injin yake karanta abin da ba ya buƙata, sannan ka rage wannan karatun, gyara ɗaya bayan ɗaya, kana aunawa a kowane mataki. Misalan da ke ƙasa na PostgreSQL ne, amma zan nuna takwaransu a MySQL da SQLite duk inda suka bambanta.

Kayan aiki

Na farko, kuma mafi muhimmanci, shi ne kwafin rumbun bayanan wanda girmansa ya yi kusa da na ainihi. Gwaji a kan teburi mai layuka ɗari biyar ba ya nuna komai, domin injin zai karanta shi gaba ɗaya ko da akwai fihirisa, kuma ya yi daidai da ya yi hakan. Idan ba a ba ka izinin kwafar bayanan gaske ba saboda sirrin masu su, to ka ƙirƙiri na bogi da generate_series a PostgreSQL, amma ka kwaikwayi yadda na gasken suka rarrabu: idan yawancin odoji an riga an kammala su, kaɗan ne suke jira, to na bogin ma su kasance haka.

Na biyu shi ne hanyar rubuta SQL kai tsaye, kamar psql ko mysql, ko wata manhaja irin su DBeaver da pgAdmin. A cikin psql, umarnin \timing yana nuna tsawon lokacin da kowace tambaya ta ɗauka. Na uku shi ne izinin duba ƙididdigar sabar da sauya wasu saitunanta. Na huɗu kuwa fayil ne da za ka riƙa rubuta tambayar, da lokacinta kafin gyara, da gyaran da ka yi, da lokacinta bayan gyara, domin bayan gyara uku ko huɗu babu mai iya riƙe waɗannan alƙaluma a ka.

Za mu yi aiki da teburi biyu. Na farko sunansa kwastoma, yana da ginshiƙan id, suna, imel da waya. Na biyu sunansa oda, yana da id, kwastoma_id, matsayi, ranar_oda da jimilla, kuma za mu ɗauka yana ɗauke da layuka miliyan 5.

Akwai ɗan bayani da ya kamata ka riƙe kafin mu fara. Injin ba ya karanta layi ɗaya ɗaya daga faifai, yana karanta shafuka ne, kowane shafi kilobayit 8 a PostgreSQL, kilobayit 16 a InnoDB, injin ajiyar bayanai na MySQL. Fihirisar da aka fi amfani da ita, wato B-tree, wadda Rudolf Bayer da Edward McCreight suka fito da ita a farkon shekarun 1970, jerin ƙimomi ne da aka tsara bi da bi, tare da nuni zuwa inda kowane layi yake. Saboda wannan tsari, injin yana iya isa ga ƙima ɗaya a cikin miliyoyi ta hanyar buɗe shafuka uku ko huɗu kacal. Duk da haka ba kyauta ake samunta ba, domin kowane INSERT sai ya rubuta a cikin kowace fihirisa da teburin yake da ita, UPDATE da DELETE su ma suna jawo mata aiki, sannan tana cin wuri a faifai.

Mataki na 1: Gano tambayar da take cinye lokaci

Kada ka dogara da zato, ko da kuwa kai ne ka rubuta manhajar. A PostgreSQL ka kunna pg_stat_statements, ƙarin da yake tattara ƙididdigar tambayoyin da aka gudanar, ta hanyar saka sunansa a cikin shared_preload_libraries, ka sake tayar da sabar, sannan ka rubuta CREATE EXTENSION pg_stat_statements. Ka bar shi ya tattara bayanai na tsawon yini guda na aiki, sannan ka tambaye shi:

```
SELECT query, calls, mean_exec_time, total_exec_time
FROM pg_stat_statements
ORDER BY total_exec_time DESC
LIMIT 10;
```

Waɗannan sunayen ginshiƙai daga sigar 13 suka fara, a sigogin da suka gabata sunayensu mean_time da total_time. Ka lura cewa da jimillar lokaci muka jera su, kuma akwai dalili. Tambayar da take ɗaukar milisakan 40 amma ake kiranta sau 100,000 a rana ta cinye sakan 4,000, ita kuwa wadda take ɗaukar sakan 20 ana kiranta sau biyu, sakan 40 kawai ta ci. Ta biyun ce take jawo ƙorafi, amma ta farkon ce take danne sabar.

Idan ba ka da ikon sake tayar da sabar, ka saita log_min_duration_statement zuwa 500, domin a rubuta duk tambayar da ta wuce rabin sakan a cikin fayil ɗin rahoto. A MySQL ka kunna slow_query_log, amma ka tuna cewa long_query_time yana zuwa ne a kan sakan 10, wanda ya yi yawa ƙwarai, don haka ka sauke shi zuwa 1 ko 0.5. Bayan haka mysqldumpslow ko pt-query-digest za su tattara maka tambayoyi masu kama da juna wuri guda. Daga cikin jerin da ka samu, ka ɗauki guda ɗaya tak.

Mataki na 2: Auna ta kafin ka taɓa komai

Ka gudanar da tambayar a kan kwafin rumbun sau uku ko huɗu, ka rubuta lokacin kowanne. Karo na farko yakan fi jinkiri domin daga faifai ake ɗauko shafuka, na gaba kuwa sun riga sun zauna a RAM. Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne su kwatanta karon farko na tsohuwar tambaya da karo na biyu na sabuwa, su ɗauka sun yi nasara. Haka nan ka yi amfani da ƙimomi na gaske, ka gwada da kwastoma mai oda uku, ka kuma gwada da mai oda dubu ashirin, domin injin yana iya zaɓar hanya daban ga kowannensu.

Mataki na 3: Karanta tsarin da injin ya bi

Nan ne zuciyar aikin, kuma wanda ya iya karanta tsari ya gama rabin gyara. A cikin injin akwai wani sashe mai tsara hanya, wanda yake auna hanyoyi daban-daban na amsa tambaya ya zaɓi wadda yake ganin ta fi sauƙi. Umarnin EXPLAIN yana nuna maka zaɓinsa. A ce tambayarmu ita ce odoji ashirin na baya-bayan nan na wani kwastoma, waɗanda aka riga aka biya:

```
EXPLAIN (ANALYZE, BUFFERS)
SELECT id, ranar_oda, jimilla
FROM oda
WHERE kwastoma_id = 812 AND matsayi = 'an_biya'
ORDER BY ranar_oda DESC
LIMIT 20;
```

Gargaɗi kafin ka ci gaba: idan aka haɗa EXPLAIN da ANALYZE, da gaske ake gudanar da tambayar. Idan UPDATE ce ko DELETE, to bayanan za su canza. Ka fara da BEGIN, ka rufe da ROLLBACK, domin komai ya koma yadda yake.

Sakamakon, idan aka taƙaita shi, zai yi kama da wannan:

```
Limit
  -> Sort
       Sort Key: ranar_oda DESC
       -> Seq Scan on oda (rows=190) (actual rows=188 loops=1)
            Filter: kwastoma_id = 812 AND matsayi = 'an_biya'
            Rows Removed by Filter: 4999812
            Buffers: shared read=41000
```

Ana karanta tsari ne daga layin da ya fi shigewa ciki zuwa waje. Seq Scan yana nufin injin ya bi teburin tun daga farko har ƙarshe. Layin Rows Removed by Filter ya gaya maka cewa ya duba kusan layuka miliyan 5 ya zubar da su don ya tsira da 188, sannan ya jera waɗannan 188 ɗin, ya miƙa maka 20. Buffers kuma ya nuna shafuka 41,000 da aka karanta, wato fiye da megabayit 300, saboda layuka ashirin. Ni a wurina wannan adadi na shafuka ya fi na lokaci amfani, domin lokaci yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da ke kan sabar, amma yawan shafukan da aka taɓa ba ya yaudara.

Akwai abubuwa uku da za ka kiyaye. Alƙaluman cost, waɗanda za ka gani a cikakken sakamakon, ba milisakan ba ne, ma'auni ne na cikin gida da mai tsara hanya yake kwatanta zaɓuɓɓuka da shi. Sannan idan ka ga loops ya wuce 1, sai ka ninka lokaci da yawan layuka da wannan adadi, domin matakin da yake cin rabin milisakan amma aka maimaita shi sau 40,000 ya cinye sakan 20. Na uku, Seq Scan ba laifi ba ne a kowane lokaci. Idan tambayar tana neman kaso mai tsoka na teburin, karanta shi a jere ya fi sauƙi a kan tsalle-tsalle tsakanin fihirisa da teburi, kuma injin ya san haka.

A MySQL, EXPLAIN yana ba da jadawali. Idan ginshiƙin type ya nuna ALL, an karanta teburin duka, key yana nuna fihirisar da aka zaɓa, Using filesort kuma yana nufin an yi jeri na musamman bayan an ɗauko layukan. EXPLAIN ANALYZE ya shigo MySQL ne a sigar 8.0.18. A SQLite ana rubuta EXPLAIN QUERY PLAN, inda SCAN yake nufin bin teburi duka, SEARCH kuma yake nufin an shiga ta fihirisa.

Mataki na 4: Tabbatar da cewa ƙididdigar injin ba ta tsufa ba

Ka kwatanta rows da injin ya yi hasashe da actual rows da ya samu. A misalinmu 190 ne da 188, babu matsala. Amma idan ya yi hasashen layuka 50 ya tarar da 400,000, to ya tsara hanya ne a kan labarin da ba gaskiya ba, kuma wannan yakan faru bayan an loda bayanai masu yawa a lokaci guda. Maganin shi ne ANALYZE oda a PostgreSQL, ko ANALYZE TABLE oda a MySQL. Ka yi wannan kafin ka ƙirƙiri kowace fihirisa, domin wani lokaci shi kaɗai ya isa. Idan hasashen ya ci gaba da kaucewa saboda ginshiƙai biyu suna da alaƙa da juna, kamar gari da jihar da yake ciki, PostgreSQL yana da CREATE STATISTICS tun daga sigar 10 don irin wannan.

Mataki na 5: Gina fihirisar da ta dace da tambayar

Ga tambayarmu, fihirisa ɗaya mai ginshiƙai uku ita ce amsa:

```
CREATE INDEX oda_kwas_mats_rana
ON oda (kwastoma_id, matsayi, ranar_oda DESC);
```

Jerin ginshiƙan shi ne komai. Ka ɗauki littafin sunaye da aka jera da sunan mahaifi tukuna, sannan sunan mutum. Idan ka san sunan mahaifin, kai tsaye za ka buɗe wurin, idan ka san duka biyun ma ya fi sauƙi, amma idan sunan mutumin kaɗai ka sani, sai ka bi littafin shafi shafi. Fihirisarmu haka take: tana amfanar tambayar da take neman kwastoma_id shi kaɗai, ko kwastoma_id da matsayi, ko duka ukun, amma ba ta da wani amfanin kirki ga tambayar da take neman ranar_oda kawai. Wasu sababbin sigogin injuna suna da dabarar tsallake ginshiƙin farko idan ƙimominsa ba su da yawa, amma ban ba ka shawarar ka jingina da ita ba.

Ƙa'idar jeri ita ce ka sa ginshiƙan da ake gwadawa da alamar = a gaba, sannan ka biyo da ginshiƙin da ake neman tazara a kansa, ko wanda yake cikin ORDER BY. Dalili kuwa, da zarar injin ya shiga ginshiƙin tazara, ginshiƙan da suke bayansa ba sa ƙara taƙaita yankin da zai karanta. Da mun sa ranar_oda a gaba, da injin ya bi odojin kowa da kowa na waɗannan ranaku yana tacewa. A jerin da muka yi kuwa, yana sauka daidai kan kwastoma 812 da matsayin an_biya, ya tarar da layukan a jere tun daga na baya-bayan nan, ya ɗauki 20 ya tsaya. Idan ka sake gudanar da EXPLAIN, ya kamata ka ga Index Scan, matakin Sort ya ɓace, shafukan da aka taɓa kuma sun sauko daga dubbai zuwa 'yan gomomi.

Fihirisa uku daban-daban a kan ginshiƙan uku ba za su yi wannan aikin ba. PostgreSQL yana iya haɗa biyu ta Bitmap, amma sai ya karanta kowacce, kuma jerin rana yana ɓacewa, dole a sake Sort.

Ka duba ginshiƙan da suke haɗa teburi da teburi. InnoDB yana gina fihirisa da kansa a kan FOREIGN KEY, amma PostgreSQL ba ya yi. Saboda haka a PostgreSQL, idan babu fihirisar da ta fara da kwastoma_id, duk lokacin da aka goge kwastoma ɗaya sai an bi teburin oda gaba ɗaya don a tabbatar ba shi da oda, kuma JOIN ma yakan sha wahala. Wannan gibi yana cikin abubuwan da aka fi cin karo da su a rumbunan da suka girma da sauri.

Ginshiƙi mai ƙimomi kaɗan, irin matsayi, ba kasafai yake cancantar fihirisa shi kaɗai ba. Sai dai idan ƙimar da ake nema ita ce mafi ƙaranci, misali odojin da suke jira, akwai hanya mai kyau:

```
CREATE INDEX oda_masu_jira
ON oda (ranar_oda)
WHERE matsayi = 'jira';
```

Wannan fihirisa ƙarama ce domin layukan da suka cika sharaɗin kaɗai take ɗauka. SQLite da SQL Server suna da irinta, MySQL ba shi da ita, don haka a can sai ka gina fihirisa a kan matsayi da ranar_oda tare.

Idan tambayar ana kiranta ba dare ba rana, kana iya sa fihirisar ta ƙunshi duk abin da ake nema, yadda injin ba zai leƙa teburin ba sam. Tun daga sigar 11, PostgreSQL yana karɓar INCLUDE (id, jimilla) a ƙarshen umarnin, sai tsarin ya nuna Index Only Scan. Ka duba layin Heap Fetches, idan adadinsa yana da yawa, to teburin yana buƙatar VACUUM, wato umarnin tsaftace teburi, kafin a ci ribar. A MySQL babu INCLUDE, sai ka ƙara jimilla a ƙarshen ginshiƙan fihirisar, id kuwa InnoDB yana ajiye shi a cikin kowace fihirisa da ma, kuma alamar nasara ita ce Using index. Kada ka cusa ginshiƙai goma ta wannan hanya, domin ka koma kwafar teburin ke nan.

Mataki na 6: Gyara rubutun tambayar

Sau tari fihirisar tana nan, rubutun tambayar ne yake hana injin shiga ta cikinta. Mafi yawan abin da ke jawo haka shi ne lulluɓe ginshiƙi da wani aiki. Sharaɗin da ke ƙasa na farko yana tilasta wa injin ya lissafa shekarar kowane layi, na biyun kuwa yana ba shi tazarar da zai nema kai tsaye:

```
WHERE EXTRACT(YEAR FROM ranar_oda) = 2024

WHERE ranar_oda >= '2024-01-01' AND ranar_oda < '2025-01-01'
```

Ka lura da alamar < a ƙarshen tazarar. Idan ka yi amfani da BETWEEN har zuwa 2024-12-31 a ginshiƙin da yake ɗauke da sa'a da minti, odojin da aka yi a cikin wannan rana ta ƙarshe za su zube. Inda ba makawa sai an yi aikin, kamar neman imel ba tare da kula da manya ko ƙananan haruffa ba, sai ka gina fihirisar a kan aikin kansa, wato CREATE INDEX ON kwastoma (lower(imel)), kuma tambayar ta rubuta lower(imel) daidai yadda yake a fihirisar. MySQL ya samu wannan dama a sigar 8.0.13.

Saɓanin nau'i shi ma yana ɓoye a haka. Idan ginshiƙin waya rubutu ne, ka kwatanta shi da lamba ba tare da alamar zance ba, MySQL zai riƙa juya kowane layi zuwa lamba, ya bar fihirisar a gefe, kuma ba zai yi maka ƙorafi ba. Haka nan ginshiƙai biyu da ake JOIN a kansu su kasance nau'i ɗaya.

LIKE 'Abd%' yana iya bin fihirisa domin farkon kalmar sananne ne, ko da yake a PostgreSQL sau da yawa sai an gina ta da text_pattern_ops. LIKE '%abd%' kuwa B-tree ba ta da abin da za ta yi masa. Idan neman tsakiyar kalma dole ne, ka kunna pg_trgm ka gina fihirisar GIN, a MySQL kuma ka duba FULLTEXT, amma ka sani cewa shi kalmomi yake nema.

Sharaɗin OR a kan ginshiƙai biyu mabambanta yakan jefa injin cikin Seq Scan. Idan tsarin ya nuna haka, ka raba tambayar gida biyu, kowacce da fihirisarta, ka haɗa su da UNION. NOT IN tare da ƙaramar tambaya a ciki yana da aibi biyu: yakan yi jinkiri, kuma idan NULL ɗaya ya faɗo cikin sakamakon ƙaramar tambayar, babbar ba za ta dawo da ko layi ɗaya ba. NOT EXISTS ya tsira daga duka biyun. SELECT * kuwa yana jawo ginshiƙan da ba a buƙata, yana kuma rushe Index Only Scan da ka sha wahalar ginawa.

Rarraba sakamako shafi shafi ya cancanci kulawa ta musamman. OFFSET 100000 LIMIT 20 yana sa injin ya ɗauko layuka 100,020 ya zubar da 100,000, shi ya sa shafukan farko suke buɗewa da sauri na can ƙarshe suke nauyi. Hanyar da ta fi ita ce manhajar ta riƙe rana da id na layin ƙarshe da ta nuna, ta ci gaba daga nan:

```
SELECT id, ranar_oda, jimilla
FROM oda
WHERE (ranar_oda, id) < ('2024-06-01 10:15:00', 73310)
ORDER BY ranar_oda DESC, id DESC
LIMIT 20;
```

Da fihirisa a kan ranar_oda da id, shafi na dubu zai buɗe da saurin shafi na ɗaya. An saka id ne don raba gardama tsakanin odojin da lokacinsu ya zo ɗaya. Abin da ka rasa shi ne damar tsallakawa kai tsaye zuwa shafi na 57, kuma a yawancin manhajoji wannan ba asara ba ce. Idan injinka bai bi fihirisar ba da wannan salon rubutu, ka warware sharaɗin zuwa ranar da ta gaza, ko ranar da ta yi daidai tare da id da ya gaza, ka sake duba tsarin.

Mataki na 7: Ƙirga tambayoyin da shafi ɗaya yake aikawa

Wani lokaci kowace tambaya tana da sauri, amma shafin yana nauyi. Manhajar ta ɗauko odoji 200 da tambaya ɗaya, sannan ta shiga zagaye tana neman sunan kwastoman kowace oda daban, tambayoyi 201 ke nan, kowacce da zuwa da dawowarta a kan hanyar sadarwa. Ana kiran wannan matsala N+1, kuma alamarta a pg_stat_statements ita ce ƙaramar tambaya mai calls da ya wuce hankali. Babu fihirisar da za ta warkar da ita. Ka haɗa su da JOIN, ko ka tara lambobin ka nema sau ɗaya da IN. A kayan gina manhaja irin su Django akwai select_related da prefetch_related, a Laravel kuma akwai with.

Mataki na 8: Kai gyaran kan sabar da jama'a suke amfani da ita

CREATE INDEX na yau da kullum a PostgreSQL yana hana rubutu a teburin har sai ya gama, kuma a babban teburi wannan yana iya zama mintuna masu yawa da babu odar da za ta shiga. Ka rubuta CREATE INDEX CONCURRENTLY. Ya fi ɗaukar lokaci, ba ya aiki a tsakanin BEGIN da COMMIT, wanda ya sa dole ka duba ko kayan da kake amfani da su wajen sauya tsarin tebura (migration) suna naɗe umarni a cikinsu, kuma idan ya katse a hanya yana barin fihirisa mai alamar INVALID. Irin wannan ba ta taimaka wa karatu amma tana iya ƙara wa rubutu nauyi, don haka ka duba da \d oda, ka goge ta, ka sake ginawa. A MySQL ka ƙara ALGORITHM=INPLACE, LOCK=NONE, domin idan ba zai iya yin aikin ba tare da kulle teburin ba, ya ƙi tun farko. Ko ta wace hanya, ka zaɓi lokacin da sabar ba ta da cunkoso, ka tabbatar akwai isasshen wuri a faifai, kuma bayan an gama ka sa ido a kan saurin INSERT da UPDATE na wannan teburi.

Mataki na 9: Share fihirisar da ba ta aiki, ka duba abin da ya rage

Sabuwar fihirisarmu ta fara da kwastoma_id, don haka idan akwai tsohuwa a kan kwastoma_id shi kaɗai, galibi ta zama maimaici. A PostgreSQL, pg_stat_user_indexes yana nuna idx_scan na kowace fihirisa, a MySQL kuma akwai sys.schema_unused_indexes. Kada ka yi gaggawar gogewa don ka ga sifili. Mai yiwuwa rahoton ƙarshen wata ne kaɗai yake amfani da ita, ko kuma wata sabar da take riƙe da kwafin rumbun ce take karantawa ta cikinta, ita kuwa ƙididdigarta daban take. Fihirisar UNIQUE ma aikinta hana maimaita ƙima ne, ko da babu tambayar da take bi ta kanta. MySQL 8.0 yana ba ka damar mayar da fihirisa INVISIBLE, ka ga abin da zai faru na wasu makonni kafin ka goge ta. A PostgreSQL babu wannan, sai ka ajiye umarnin da ya gina ta a wuri mai aminci kafin DROP INDEX CONCURRENTLY.

Idan tsarin ya yi kyau amma tambayar tana jinkiri jefi-jefi, ka duba pg_stat_activity a daidai lokacin da abin yake faruwa, domin idan wait_event_type ya nuna Lock, to jiran wani aiki take yi wanda ya riƙe layukan bai saki ba, kuma can ne gyaran yake. Idan ka ga Sort Method: external merge Disk, jerin ya fi ƙarfin work_mem, wanda yake zuwa a kan megabayit 4, ya zube kan faifai. Ka ɗaga shi da SET a cikin zaman da yake gudanar da wannan tambaya kaɗai, domin kowane matakin jeri na kowane mai haɗi yana iya cin wannan adadi, kuma ɗaga shi ga kowa yana iya cinye RAM ɗin sabar. Rahoton da dole sai ya tattara jimillar miliyoyin layuka kuwa, fihirisa ba za ta rage masa karatu sosai ba, sai dai ka lissafa shi tun da wuri a cikin MATERIALIZED VIEW ka riƙa sabunta shi da REFRESH a kan lokaci, a MySQL kuma, tun da babu wannan, ka gina teburin taƙaitawa da wani aiki mai jadawali zai riƙa cikawa, ka kuma rubuta a jikin rahoton lokacin da aka sabunta alƙaluman.